Garin Jos Na Bukatar Zauren Da Zai Riƙa Tambayar Gini

Na san akwai ɗan'uwan da zai buɗe wannan mujalla tamu ya ga kanun maganar nan ya ce, "To, mu da muke fama da tsarin sauti da ginin jimla, ina ruwanmu da ginin bulo?" Ina roƙon irin wannan ɗan'uwa ya yi mini haƙuri ya bi ni a sannu, domin ni ma a da haka nake gani. Abin da ya sauya mini tunani kuwa ba wani littafi ba ne, yawon yini guda ne a cikin garin da aka haife ni.

A wani hutu ne wani abokina da ke karatun zanen gine-gine a wata jami'a ya matsa mini sai na raka shi gidan kayan tarihi na Jos, wanda Baturen nan Bernard Fagg ya kafa a 1952. Yawancinmu 'yan Jos mun san wurin ne saboda gidan namun dajin da ke kusa da shi, inda ake kai yara ranar salla ko Kirsimeti. Amma a gefensa akwai wani fili mai faɗi da ake kira MOTNA, wato gidan adana gine-ginen gargajiya na Nijeriya. Wani masanin zanen gini ɗan ƙasar Folan mai suna Zbigniew Dmochowski ne ya tsaya a kan kafa shi a shekarun 1970, bayan ya daɗe yana yawo a ƙasar nan yana auna gidaje da fadoji da masallatai. Ya rasu a 1982, sai a 1990 aikin nasa ya fito cikin littafi mai juzu'i uku. A wannan fili aka gina kwaikwayon wani yanki na ganuwar Kano da na wasu fadoji da gidajen ƙabilu daban-daban, kowanne da girmansa na ainihi, kuma da ƙasa, ba da siminti ba. Wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne kwaikwayon masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wajen shekarun 1830.

Muna shiga ciki abokina ya ɗaga kai ya hau yi mini bayani da Turanci, yana nuna rufin yana kawo sunaye. Na ce masa, "Da Hausa fa me ake kiran wannan?" Ya yi shiru, sannan ya yi dariya ya ce ai ba a koya musu haka ba. Ashe wani dattijo da ke zaune a gindin bango yana jin mu. Ya ce, "Samari, wancan da kuke nunawa bakan gizo ne." Muka gaishe shi muka durƙusa. Na ce, "Baba, ai kuwa mun samu malami." Tsohon magini ne, kuma cikin abin da bai kai awa guda ba ya koya mini abin da ban taɓa ji a aji ba.

Ya ce ƙarfin ginin nan duk a cikin azara yake, wato itacen giginya da aka tsaga, wanda gara ba ta cika cin sa ba. Sai dai azara ɗaya ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar da ke tsakanin bango da bango ta yi yawa. Saboda haka magina sukan dasa ta a cikin bango su ɗan karkato da ita, su ɗaura wata a kanta ta zarce ta farko, haka nan daga ɓangarorin biyu har su haɗu a sama, sannan a lulluɓe su da ƙasa. Abin da ido ke gani kamar baka, a cikinsa ƙashin giginya ne. Idan aka gicciya bakan gizo biyu ko fiye suka haɗu a tsakiya, an sami ɗaurin guga ke nan, a kansa kuma tulluwa ke zama. Ya gaya mini yadda ake murza tubali da hannu a shanya shi, da yadda ake jiƙa ɓawon ɗorawa a sami makuba, da yadda ake haɗa laso da katsin marina da gashin jima da dafara don kada ruwa ya ratsa rufi, da dalilin da ya sa ake miƙo indararo nesa da bango. Ni dai rubutu kawai nake yi a bayan wata takardar darasi.

A kan hanyar komawa gida abin ya tsaya mini a rai. Mu uku ne a cikin ginin nan: ɗaya yana da ilimin awo da zane, ɗaya yana da hannu da kalmomi, ni kuma ina da alƙalami da harshen da dukkanmu muke ji. Da ba don katari ba, da har abada ba za mu zauna wuri guda ba. Kuma ginin da ya haɗa mu ɗin ma yana cikin haɗari, domin ginin ƙasa yaɓe yake so duk shekara, damanar Jos kuwa ta fi ta Kano da Zariya ƙarfi nesa ba kusa ba. Duk wanda ya je zai ga inda ruwa ya ci.

Wannan shi ya kawo ni ga abin da nake son faɗa. A nawa ra'ayin, garin Jos na bukatar wani zaure mai zaman kansa, wanda ba na gwamnati ba ne, ba na coci ko masallaci ba ne, ba kuma na wata ƙabila ba ne, wanda aikinsa kawai shi ne ya riƙa duban gini da titi da kasuwa da filin wasa yana tambaya: wa ya tsara wannan, don wa aka tsara shi, wa kuma aka bari a waje? Sannan ya faɗi abin da ya gani a fili, da harshen da mai tura baro da mai sayar da dankali za su fahimta. Na kira shi zaure ne da gangan. A gidan Bahaushe zaure shi ne ɗakin da ba ciki ba ne ba kuma waje ba, inda baƙo ke zama ba tare da ya keta haddin gida ba, inda ake jayayya a tashi lafiya.

Me ya sa Jos musamman? Domin ban san wani gari a Arewa da rabon fili ya zame masa ciwo kamar wannan ba. Jos ba irin Kano ko Katsina ba ce da ganuwa ta tara mutanenta. Birom da Anaguta da Afizere suna zaune a kan wannan tsauni da gonakinsu da rumbunansu da shingayen ƙerana tun kafin zuwan Turawa, amma birnin da muka sani yau kuza ce ta haife shi. Tun farkon shekarun 1900 kamfanonin Turawa suka fara haƙa, leburori da 'yan kasuwa suka yi ta kwararowa daga ko'ina. Ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914, babban layi daga Kafanchan ya biyo baya a 1927. Da Turawa suka zo tsara garin, sai suka bi dokar garuruwa ta Gwamna Lugga ta 1917, wadda ta ware unguwar Turawa daban, aka kuma tanadi a bar fili na yadi 440 tsakaninta da mazaunin baƙar fata, wai don gudun sauro. Akawuna da ma'aikatan da suka zo daga Kudu yawanci suna ɓangare guda ƙarƙashin hukuma guda, garin 'yan ƙasa yana wani ɓangaren ƙarƙashin wata hukumar. Hausawa kan ce tun ran gini tun ran zane. Garin da aka zana shi a kan ware mutane, ba abin mamaki ba ne idan wariya ta same shi da sauƙi.

Duk da haka iyayenmu sun rushe da yawa daga cikin waɗancan iyakoki da ƙafafunsu. Sun yi haya a gida ɗaya, sun sha ruwan famfo ɗaya, sun yi maƙwabtaka a Nasarawa da Gangare da Tudun Wada da Apata ba tare da tambayar wa ke zuwa coci wa ke zuwa masallaci ba. Sai ga ranar Juma'a 7 ga Satumba 2001. Ba zan shiga tushen rikicin ba, domin akwai siyasar ƙaramar hukumar Jos ta Arewa da aka ƙirƙira a 1991, da gardamar ɗan ƙasa da baƙo, da sauran abubuwan da suka fi ƙarfin wannan shafi. Amma ina son mai karatu ya lura da abu guda: tartsatsin da ya kunna wutar, kamar yadda aka ruwaito, saɓani ne a kan wucewa ta wani titi da aka tare don sallar Juma'a a unguwar Kongo-Rasha. Wato tambaya ce ta fili. Titi na wa ne, a wane lokaci, kuma wa ke da ikon tare shi? Mutane kusan dubu suka rasa rayukansu cikin kwanaki kaɗan. Aka sake yi a Nuwamba 2008, aka kuma yi a Janairu 2010. Bayan hare-haren bama-bamai kuwa, tare titi ya zama ruwan dare, masallatai ranar Juma'a, majami'u ranar Lahadi, kowa da hujjarsa ta tsaro, kuma hujjar ba ta banza ba ce. Amma har yau ban taɓa jin an zauna a bainar jama'a an tattauna yadda za a tsara harabar wurin ibada ta yadda mai ibada zai tsira kuma mai wucewa zai wuce ba.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani. Mutane suka yi ta musayar gidaje, wani ya sayar da asara, wani ya bar nasa kango. Musulmi suka tattara a Unguwar Rogo da Gangare da Rikkos da kewayen titin Bauci, Kirista suka tattara a Unguwar Rukuba da Kabong da Jenta da Tudun Wada. Babu wata taswira da aka zana waɗannan iyakoki a kanta, amma duk ɗan Jos yana ɗauke da ita a cikin kansa. Mai Keke ya san inda zai ce "nan zan tsaya". Uwa ta san gadar da za ta ce wa ɗanta kada magariba ta same shi a hayinta. Mu da muka tashi bayan 2001 ba mu san wani Jos ban da wannan ba, shi ya sa muke ɗaukar sa kamar haka Allah ya halicce shi, alhali kuwa mutane ne suka gina shi haka, katanga bayan katanga.

Babu inda wannan ciwo ya fi fitowa fili kamar a babbar kasuwar Taminus, kuma a nan nake son in ɗan daɗe. Gwamna Joseph Gomwalk ne ya ɗauko aikinta a shekarun 1970, aka kammala ta a shekarun 1980, ana lissafa ta cikin manyan kasuwanni rufaffu na Afirka ta Yamma. A watan Fabrairu 2002, wata biyar kacal bayan rikicin farko, gobara ta cinye ta. Ni ban taɓa ganin ta a tsaye ba. Kawuna da ya yi sayar da yadi a cikinta shi ke ba ni labari, kuma abin da na lura shi ne ba ya cika maganar girman ginin ko tsayinsa. Maganarsa kullum ita ce maƙwabcin rumfarsa na dama Ibo ne, na hagu Bayarabiya ce, mai kawo musu abinci 'yar Birom ce, kuma idan zai tafi salla maƙwabcin ne ke tsare masa kaya. Wato ginin yana yin wani aiki da ba a rubuta a takardar kwangila ba: yana tilasta wa mutanen garin su ga juna kowace safiya. Da ya faɗi, 'yan kasuwa suka bazu a kan titin Ahmadu Bello da na Murtala Muhammad da lungunan da ke kewaye, wasu kuma suka koma kasuwannin da ke ɓangarensu. A cikin wannan cunkoso na bakin titi ne bama-baman 20 ga Mayu 2014 suka tashi suka kashe mutum fiye da ɗari.

An yi fiye da shekara ashirin gwamnatoci suna alkawarin mayar da ita. A 2022 gwamnatin Simon Lalong ta fito da shirin sake gina ta da haɗin gwiwar bankin Jaiz, sai gari ya ɗauki zafi, maganar ta rikiɗe ta koma ta addini, shirin ya tsaya. Ba na raina tsoron da kowane ɓangare ya nuna, domin tambayar wa zai mallaki rumfuna bayan an gama tambaya ce ta gaske a garin da ya sha wuya irin wannan. Abin da ya dame ni shi ne, a duk hayaniyar da na saurara a rediyo da majalisun shayi, ban ji wanda ya tambayi kasuwar kanta ba. Ƙofofi nawa za a yi mata, kuma wace unguwa kowace ƙofa za ta kalla? Ta ina motar kashe gobara za ta shiga, tunda wuta ce ta ci ta farko? Ina aka tanadar wa mai tallar tumatir a faranti, wadda ba za ta taɓa iya biyan kuɗin shago ba? Za a jera masu sana'a ɗaya a layi ɗaya ne kamar da, ko za a bar kowa ya zaɓi maƙwabci, mu wayi gari da kasuwa biyu a ƙarƙashin rufi ɗaya? Waɗannan tambayoyi ba na Musulmi ba ne ba na Kirista ba ne, shi ya sa ba su sami mai ɗaukar su ba. Da akwai irin zauren da nake nufi, da ya ɗauke su.

Wani zai ce ai akwai hukumomi. Gaskiya ne. Akwai hukumar raya birnin Jos, akwai ma'aikatu, akwai ƙungiyoyin injiniyoyi da na masu zanen gini, akwai kuma tsangayar nazarin muhalli a Jami'ar Jos. An ma yi wa Jos da kewayenta babban tsarin gari na shekarun 2008 zuwa 2025. Amma ina tambayar 'yan'uwana ɗalibai, mutum nawa a unguwarku suka taɓa ganin wannan kundi, balle su san abin da ya tanada wa layinsu? Talaka ba ya sanin akwai tsari sai ran da ya ga jan fenti a bangonsa. A 2024 Gwamna Caleb Mutfwang ya sa hannu a kan wata dokar zartarwa da ta shafi gini ba bisa ƙa'ida ba da zirga-zirgar manyan motoci a cikin gari, kuma akwai abin yabawa a cikinta. Sai dai hukuma ba ta iya zama mai yi kuma mai sukar abin da ta yi. Ƙwararren da ke jiran kwangila daga gwamnati kuwa, bakinsa a ɗaure yake, ba don mugun mutum ba ne, sai don yana da iyali. Malamin jami'a yana rubutu mai kyau, amma da Turanci, a mujallar da sai abokan aikinsa ke karantawa.

Farashin wannan shiru rayuka ne. A watan Yuli 2012 ambaliya ta share gidaje a Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo, mutane da dama suka mutu. Da sauƙi a ce laifinsu ne da suka yi gini a bakin rafi. Amma me ya tura su bakin rafin? Idan aka matse jama'a masu yawa a ɓangaren da suke ganin nan ne kawai za su kwana da ido biyu a rufe, fili zai ƙare, kuma hanyar ruwa ce za ta rage. A ranar 12 ga Yuli 2024 kuma benen wata makaranta ya rufta a Busa Buji ana cikin jarrabawa, mutum 22 suka rasu, yawancinsu yara. Bayan kowane irin wannan sai a kafa kwamiti, a yi ta'aziyya, a manta. Birkilan da ya san buhun siminti ɗaya bulo nawa ya kamata ya fitar, da maƙwabcin da ya ga tsagewar bango, ba su da wurin kai magana kafin abin ya faru.

Kada a ce abin da nake kira gare shi baƙon abu ne ko ya fi ƙarfin ɗalibai. A 1958 wasu ɗaliban kwalejin fasaha ta Zariya, wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane, saboda ba su yarda da manhajar da ke koya musu fasahar Turai kaɗai ba. A cikinsu akwai Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Demas Nwoko. Ƙungiyar ba ta wuce shekara uku ba, ba ta da ofis ba ta da mota, amma ta sauya fuskar fasahar zane a Nijeriya. Shi Nwoko daga baya gini ya koma, ya yi ta aiki da ƙasa da katako da iskar Allah maimakon na'urar sanyaya ɗaki, har aka ba shi babbar lambar girmamawa a bikin baje kolin gine-gine na birnin Benis da ke Italiya a 2023. A maƙwabciyarmu Nijar kuma, Mariam Issoufou da wasu abokan aikinta uku daga ƙasashe daban-daban sun haɗu sun gina rukunin gidajen bulon ƙasa a Yamai a 2016, don su nuna cewa mai matsakaicin hali zai iya zama a cikin birni ba tare da ya gasu a ɗakin siminti da kwano ba. A ƙauyen Dandaji na jihar Tawa kuwa, ita da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallaci ɗakin karatu suka gina sabo kusa da shi a 2018, tare da maginan garin. Waɗannan duka da tambaya suka fara kafin su ɗora tubali.

Yanzu sai in komo kanmu, mu ɗaliban harshe. Na san akwai mai cewa a Jos ita kanta Hausar tana da ɓangare, don haka zauren da ke magana da ita za a ɗauke shi na wasu ne. Wannan suka ce mai nauyi, ba zan yi kamar ban ji ta ba. Amma duk wanda ya zauna a Filato ya san da Hausa ake ciniki a Farin Gada, da ita ake wa'azi da waƙa a majami'u da yawa, da ita ɗan Angas da ɗan Tarok ke gaisawa idan sun haɗu a tasha. An fassara Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya zuwa Hausa tun 1932. Bayan kasuwar da ta ƙone, wannan harshe yana cikin 'yan abubuwan da suka rage waɗanda ɓangarorin biyu ke shiga su fita ba tare da shinge ba. Sharaɗin dai shi ne kada mu ɗauka yin magana da Hausa yana nufin ginin Hausawa kaɗai za a yi magana a kai. Rumbun Birom da ginin dutse na mutanen kan tsauni da tsofaffin gidajen ma'aikatan kuza da tashar jirgin ƙasa duk gadon garin nan ne, kuma sunayen sassansu da harsunan masu su ya kamata a rubuta.

Aikinmu na farko ke nan, tattara kalmomi. Da na koma gida ranar nan na duba abin da dattijon ya faɗa mini a ƙamusun Bargery na 1934, na sami da yawa a ciki, amma da na gwada su a kan abokan karatuna, kaɗan ne suka san laso ko ɗaurin guga, wani ma ya ɗauka zanko sunan tsuntsu ne. Kalmar da ta mutu tana tafiya da dabarar da ke cikinta. A ɗaya gefen kuma muna da sababbin abubuwa da ba mu daidaita musu suna ba: tazarar da doka ta ce a bari tsakanin gini da titi, da takardar izinin gini, da gwajin ƙarfin ƙasa kafin a ɗora bene. Muddin waɗannan suna cikin Turanci, to mai gida da birkila za su ci gaba da ganin su a matsayin wata hanyar karɓar kuɗi kawai. Mu da ake koya wa fassara da ƙirƙirar kalmomi, me ya hana mu ɗauki babi ɗaya na tsarin garin nan mu mayar da shi Hausar da za a iya karantawa a rediyo?

Na biyu shi ne tafiya da ƙafa. A haɗu mutum goma ko goma sha biyu, da mai karatun gini da mai karatun harshe da magini da mai shago da macen da ta san wahalar ɗibar ruwa a layin, rabi daga wannan haye rabi daga wancan, a bi layi ɗaya daga farkonsa zuwa ƙarshensa. A duba inda lambatu ya toshe, da inda aka cinye filin ƙwallo, da inda katanga ta yi tsawon da maƙwabci ba ya ganin maƙwabci. A tambayi tsofaffi sunan wurin na da da wanda ya zauna a gidan can da ya zama kango. Sannan a rubuta shafi biyu, a faɗi abin da ya yi kyau da abin da bai yi ba, ko da ginin na gwamna ne ko na babban malami ko na babban fasto. Wannan na ƙarshen shi ne mai wuya, kuma shi ne dalilin zaman kai.

Don haka nake cewa kada zauren ya yi uban ƙungiya. Mun san yadda ƙungiyoyinmu na ɗalibai ke ƙarewa: a zaɓi shugaba da ma'aji da mai tsawatarwa, a buga kalanda da hoton wani mai kuɗi a tsakiya, a yi liyafar cin abinci, shi ke nan sai baɗi. Ranar da aka karɓi ambulan daga hannun mai neman kujera ko mai sayar da filaye, ranar bakin ya rufu. Haka nan ina jin tsoron kuɗin ƙungiyoyin agaji, ba don haramun ba ne, sai don Jos ta ga tarurrukan zaman lafiya a otal-otal iri-iri waɗanda ke mutuwa ran da kuɗin mota ya ƙare. Abin da wannan aiki ke bukata bai wuce littafin rubutu da igiyar awo da wayar ɗaukar hoto da karo-karon kuɗin shayi ba. Kuma kada zauren ya yarda a ja shi cikin gardamar wa ke da Jos. Kwamitocin bincike da manyan alƙalai sun shiga wannan magana ba su fita da ita ba. Tamu tambayar ƙarama ce: wannan kwalbatin, ruwan wa yake zubarwa a ƙofar wa?

Saura inda za a zauna, kuma a nan ne na gane girman matsalar. Na ɗauki takarda na ce bari in lissafa wuraren da ɗan Unguwar Rogo da 'yar Unguwar Rukuba za su iya haɗuwa su zauna awa biyu ba tare da iyayensu sun yi ta bugo waya ba, kuma ba sai sun biya kuɗin otal ba. Yatsun hannu ɗaya sun ishe ni. Akwai harabar jami'a, amma maigadi zai tambayi birkila katin shaida. Wanda ya fi kwanta mini shi ne filin nan na gidan kayan tarihi. Shawarata ita ce zaman farko a yi shi can, ranar wata Asabar da hantsi, a ƙarƙashin bakan gizon Babban Gwani, a kuma fara da neman dattijon nan ko wani irinsa, a shimfiɗa masa tabarma a gaba. Ni zan zo da takardar darasin da na yi rubutu a bayanta.